Daga Gangara Zuwa Bakin Teku: Tafiyar da Aljihun Talaka Zai Iya Ɗauka

Duk shekara, da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, samarin ƙasar Gangara da Gazawa da Agye sukan saɓa jaka su yi kudu. Wasu su tsaya Katsina ko Kano, wasu su zarce Legas, wasu kuma sai Kwatano da Lome da Akara. Cin rani ke kai su. Mutum zai yi wata huɗu a birnin da ke kan gaɓar teku, yana tura baro ko yana sayar da shayi, ya dawo gida bai samu yini ɗaya ya zauna ya kalli ruwan ba. Ga shi kuma wayoyin hannu sun cika da hotunan wasu lunguna na bakin teku, farin yashi da itatuwan kwakwa, ba cunkoso ba hayaniya, har yaranmu suka ɗauka irin wuraren nan don Turawa da manyan alhazai aka yi su.

To, malamin lakkol, ko ɗan tireda, ko manomin da ya sayar da ayarsa da wakensa, zai iya zuwa ya ga waɗannan wurare da ɗan abin da ke hannunsa? Zai iya. Sai dai arahar irin wannan tafiya a gida ake ƙulla ta tun kafin a hau mota, kuma akwai wuraren da tsimi a cikinsu ganganci ne. Wanda ya rarrabe inda ake tsimi da inda ba a yi, shi ke zuwa ya dawo lafiya ba bashi a wuyansa.

Hanyar da kakanni suka share

Tun ƙarnonin baya fataken Hausa ke bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a Salaga. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali wurin ya zama unguwa, da masallacinta da mahautanta da mai masaukinta. Bayan sojan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ciniki ya karkata zuwa gaɓar teku, Hausawa suka bi shi. Da haka aka samu unguwar Zango a Kwatano da Lome, aka samu Nima da Sabon Zango a Akara, da Agege da Idi-Araba a Legas. A tsakiyar shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Jaguar, labarin samari uku ƴan Nijar da suka gangara har bakin teku suka shiga ƙasar da ake kira Gana a yau, don a lokacin ma tafiyar ta riga ta zama al'adar samarin ƙasarmu. Daga baya alhazan Maraɗi suka mai da tashar jiragen ruwan Kwatano ƙofar hajarsu, direbobi da dillalai da ƴan kamasho suka bi sawunsu.

Amfanin wannan tarihi ga matafiyin yau a fili yake. Baƙon da ya taso daga Turai sai ya biya kafin ya samu tafinta da jagora da abincin da cikinsa ya sani. Mutumin Gangara kuwa zai sauka a Kwatano ya ji Hausa tun daga tasha, ya yi sallah cikin jam'i, ya karya da koko da ƙosai, ya ci tsire da dare, ya kuma samu wanda zai faɗa masa kuɗin mota na gaskiya. Wannan gadon shi ne babban jarin tafiyar talaka.

Kowace gaɓa da irin tata

Mai son wuri keɓaɓɓe ya fara sanin cewa gaɓar tekun yammacin Afirka ba iri ɗaya ba ce. Daga Legas zuwa kusa da Akara yashi ne miƙaƙƙe, teku na dukansa kai tsaye, a bayansa kuma tafkuna ne masu haɗuwa da teku. Gaɓar Benin ba ta wuce kimanin kilomita 125 ba, ta Togo kuwa hamsin da ƴan kai ce. A wannan yanki keɓewa tana samuwa ne a bakin koguna da tsakanin tafki da teku. Lungunan da ruwa ke shiga tsakanin duwatsu ya lafa, irin na cikin hotuna, sai an wuce Akara an yi yamma, musamman bayan Takoradi.

A Benin, wanda ya bar unguwar Fijirose ta Kwatano ya bi hanyar masunta zuwa Wida zai ratsa ƙauyukan masu jan koma da gonakin kwakwa. Wida na da nisan kimanin kilomita 40 daga Kwatano. Gaba da ita akwai Gran-Popo, kusa da iyakar Togo, inda ake shiga kwalekwale a bi kogin Mono har wurin da yake faɗawa teku, wanda ake kira Bush-di-Ruwa. Tsibirai ne ƙanana da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kunkurun teku na fitowa su yi ƙwai a yashin wurin, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa yankin Mono cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Da an tsallaka iyaka a Hilakonji sai Aneho, garin da ya yi zama hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. Nan ma tafki ne ke haɗuwa da teku. Daga Agbodarafo ana haye tafkin Togo a kwalekwale zuwa Togobil, garin da aka ƙulla yarjejeniyar 1884 da sunan sarkinsa, wadda ta shigar da ƙasar hannun Jamus. Daga Kwatano zuwa Lome duka kimanin kilomita 150 ne, saboda haka ƙasashe biyu ake gani da kuɗin mota kaɗan.

Gana ce mai doguwar gaɓa, fiye da kilomita 500. A gabas akwai Keta da Ada Fowa, inda kogin Bolta ke shiga teku. A yamma, daga Takoradi ana hawa ƙaramar mota zuwa mahaɗar Agona, daga nan a gangara Busuwa da Dikskob da Butre da Akwida, har Kep Tiri Poyins, wurin da ya fi kowane kudu a ƙasar, mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Waɗannan su ne lungunan gaske: dutse a dama, dutse a hagu, ƙauyen masunta a tsakiya. Kyawunsu ba gardama, amma su ne mafi nisa da mafi cin kuɗi ga wanda ya taso daga jihar Maraɗi.

Akwai abin lura ɗaya. Ruwa na tura yashi ne daga yamma zuwa gabas a wannan gaɓa. Da aka gina tashar jiragen ruwan Kwatano da madatsar Akosombo ta kan kogin Bolta a 1965, da tashar Lome a 1968, sai yashin ya riƙa tsayawa a hanya, teku ya shiga cin ƙasa a Keta da Aneho da gabashin Kwatano. Wurin da aka gani a tsohon hoto yana iya kasancewa ruwa ya cinye shi, ko an jera masa duwatsun kariya. A tambayi wanda ya je bana.

Hanyoyi uku da halin da iyakoki ke ciki

Ta farko ita ce ta yamma. Daga Gangara a fito Gazawa a hau babbar hanya, a wuce Agye da Cadawa zuwa Maraɗi, sannan Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, a karkata kudu zuwa Gaya. Daga Malanbil kuma, tsallaken kogi a ƙasar Benin, a bi Kandi da Paraku da Bohikon zuwa Kwatano. Jimla kusan kilomita 1,500 ne, tafiyar kwana biyu zuwa uku. Wannan hanya ta sauya fuska tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata har cikin 2025. Abin da ya biyo baya shi ne mota ta sauke fasinja a Gaya, a haye kogin Kwara a kwalekwale, a shiga wata motar a Malanbil. Kuɗin kwalekwale, da na masu dako, da na kabu-kabu a gaɓa biyu, duk ƙari ne a kan tikiti. Ga kuma hare-haren ƴan bindiga da suka ƙaru a arewacin Benin, musamman kusa da gandun dajin W, abin da ya sa tafiyar rana a kan babbar hanya ta zama wajibi.

Ta biyu ita ce ta Najeriya, wadda aka sake buɗe iyakarta a Maris 2024. Gangara na jingine da jihar Katsina, mutanenta sun san kasuwannin tsallake kamar tafin hannunsu. Amma mai doguwar tafiya ya shiga ta ƙofar hukuma, irin ta Ɗan Isa da Jibiya, a buga masa hatimi, don wanda ya bi ta barauniyar hanya ba shi da abin nunawa idan ya isa iyakar Seme ta tsakanin Najeriya da Benin. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, daga Legas zuwa Kwatano kuma kimanin 120, a ratsa ta Badagiri. Faɗuwar darajar naira ta sa mai sefa na jin sauƙin abinci da mota a wannan hanya. Sai dai tana da shingaye da yawa, kuma akwai yankunan da masu satar mutane suka addaba, tun daga kewayen Jibiya har dazukan Birnin Gwari.

Ta uku ita ce ta Burkina Faso zuwa Lome, wadda manyan motocin haja ke bi cikin ayari da rakiyar soja tun da aka rufe gadar Gaya. Mai tafiyar shaƙatawa ba shi da dalilin bin ta.

Halin iyaka yana sauyawa da sanarwa ɗaya a rediyo. Saboda haka mako guda kafin tashi a leƙa tashar kamfanonin manyan motoci a Maraɗi, irin su Rimbo, a ji ta bakin direbobin da suka dawo jiya. Matambayi ba ya ɓata.

Takardu da kuɗi

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta bai wa ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza ya zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina sun kafa ƙawancen AES a Satumbar 2023, fitarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga ba biza, har zuwa wata sanarwa. Bayan haka Nijar tana nan cikin ƙungiyar UEMOA tare da Benin da Togo, ita ma yarjejeniyarta ta tanadi ƴancin zirga-zirga.

A aikace, abin da matafiyi ke buƙata shi ne katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, da katin rigakafin shawara. Mai nufin Gana ko ratsa Najeriya, fasfo ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda zai tafi da yaro ya riƙe takardar haihuwarsa da izinin iyaye a rubuce, don jami'an iyaka suna sa ido sosai kan safarar yara. A yi wa kowace takarda hoto a waya, a ajiye kwafi a wata jakar daban. Yawancin kuɗin da ke zubewa a shingaye, rashin wata takarda ce ke buɗe musu ƙofa. Yin katin rigakafi a likita tun a gida ya fi biyan na goro a kowace iyaka, zuwa da dawowa.

Wajen kuɗi, Benin da Togo suna da wata babbar fa'ida: sefar da ke aljihunka a Gazawa ita ake karɓa a Gran-Popo da Aneho, ba canji ba asara. Gana sidi take ci, Najeriya naira, kuma kowane canji da ɗan abin da yake yagewa. Wanda ya bi ta Najeriya zuwa Gana zai canza kuɗi zuwa naira, ya koma sefa, ya canza zuwa sidi, sannan ya maimaita a dawowa. Wannan kaɗai ya isa ya sa tafiyar farko ta tsaya a Benin da Togo.

Kada a zuba duk kuɗin tafiya a aljihu ɗaya. Kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Nita suna da rassa a biranen ƙasashen sefa, ana iya barin wani kaso a hannun amintacce a gida ya riƙa turowa. Kuɗin komawa kuwa a ware shi tun ranar farko, a ɗauka babu shi. Wanda ya yi tunanin riƙe ɗan kaya don ya rage kuɗin mota ya sani cewa a Oktobar 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina. Guzuri daban, haja daban.

Wane wata ya dace

Kalandar bakin teku ba irin tamu ba ce. Damina biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A watannin Yuli da Agusta teku na yin fushi, iska ta yi sanyi. Rani shi ne daga Disamba zuwa Maris, kuma Allah da ikonsa ya yi daidai da lokacin da manomin Gangara ya gama aiki, kuɗin aya da riɗi da gyaɗa suka shigo hannu.

Amma cikin ranin ma akwai zaɓi. Ƙarshen Disamba lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara ne, masaukai na cika, farashi na tashi, musamman a Gana tun bayan gangamin 2019 na gayyato jikokin bayi daga Amurka su ziyarci ƙasar. A Wida kuma bikin masu addinin gargajiya da ake yi wajen 10 ga Janairu yana tara dubban baƙi. Daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris gari ya lafa, mai masauki na sauraron tayi. A kuma duba inda azumi da Sallah suka faɗo a shekarar, don kuɗin mota na hawa gab da Sallah. Ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi shiru da sauƙi. A Gana kuwa yawancin garuruwan masunta ba sa fita su ranar Talata, mai son ganin jan koma ko sayen ɗanyen kifi da araha ya kiyaye wannan rana.

Inda ake tsimi

Mota ce ke cin kaso mafi tsoka, kuma ba ta raguwa ko kwana biyu za ka yi. Don haka gajeriyar tafiya ita ce mai tsada. Wanda zai kashe kwana biyar ko shida a hanya, zuwa da dawowa, ya ba kansa aƙalla mako guda a can. Tsarin da ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne kwana biyu a Kwatano don hutawa da ganin ƙauyen Ganbiye da aka gina bisa ruwa, kwana ɗaya a Wida, biyu ko uku a Gran-Popo, sannan Aneho da Lome. Lungunan yammacin Gana a bar su sai tafiya ta biyu, lokacin da ido ya buɗe.

Tafiya cikin ƙungiya ita ce babbar dabara. Mutum huɗu zuwa shida sukan raba ɗaki biyu, su yi shatar kwalekwale ɗaya, su sayi kifi a bakin ruwa su ba mai tuya. A naɗa ma'aji ɗaya mai rubuta komai a littafi, a yi lissafi kowane dare, don kuɗi ne ke raba abokan tafiya. Tarin kuɗin kuma adashe ya ishe shi. Jika biyu ko uku a kowace ranar kasuwa, daga wannan kaka zuwa waccan, ba ƙaramin abu ba ne.

Guzuri na rage kashe kuɗi a tashoshi, inda komai ke da tsada: ƙuli-ƙuli, gari, dabino, kilishi, dakuwa, da butar shayi. A can kuma a ci inda ƴan gari ke ci. Shinkafa da wake, dokunu da soyayyen kifi, doya da miya, duk suna samuwa a bakin hanya da ɗan kuɗi kaɗan. Abincin da ake kawowa a kan tebur a gaban teku, rabin kuɗinsa na kujera ne.

Wajen kwana, ƙa'idar ita ce duk yadda ɗaki ya kusanci ruwa haka kuɗinsa ke ƙaruwa. Ƙaramin masauki a cikin gari, tafiyar minti goma zuwa yashi, ya wadatar. A manyan birane kuma zango na nan. Sai dai a shige shi da ladabi: a sanar kafin a zo, a je a gai da Sarkin Zango ko limami, a riƙe tsarabar gida, a sa hannu a cefane, kada a wuce kwanakin baƙunta. Mutanen zango su ma haya suke biya, kuma yadda baƙon bana ya zauna da su shi ke buɗe wa na baɗi ƙofa ko ya rufe ta.

Inda ba a tsimi

Na farko shi ne ruwa. Yaron da ya koyi iyo a tafkin damina, ko ma a tafkin Madarunfa, bai san teku ba. Tekun Gini yana da igiya mai ƙarfi, kuma duk shekara yana cin mutane a Kwatano da Lome da Akara, da yawansu baƙi daga arewa. Ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa yakan taru ya koma ciki ta wata siririyar hanya, kamar yadda ruwan sama ke haɗuwa ya ɓalle ta korama ɗaya. Wurin nan shi ya fi kama da lafiya a ido, don igiya ba ta fashewa a kansa, alhali shi ne mai ja. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. Wanda bai iya iyo ba, ruwa kada ya wuce masa gwiwa, kuma kada ya juya wa teku baya.

Keɓewar da ake nema ita kanta haɗari ce. Inda ba kowa, ba mai ceto, asibiti na nesa, waya ma wani lokaci ba ta kamawa. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma a lungunan duwatsu hanyar da aka bi da safe tana iya nutsewa da la'asar. A ƴan hanyoyin daji da ke haɗa ƙauyuka irin Busuwa da Butre an sha tare baƙi a ƙwace musu waya. Ɗan abin da za a ba saurayin ƙauye ya yi rakiya, da tambayar masunta inda ake shiga ruwa da inda ba a shiga, kuɗi ne da ya biya kansa. Kwalekwalen da ya yi lodi fiye da kima a bar shi ya tafi, ko a Gaya ne ko a Mono, kuma in akwai rigar kariya a sa ta.

Na biyu shi ne dare. Motar dare takan fi sauƙin kuɗi, ta kuma rage kwanan masauki, amma araha ba ta ado. Na uku lafiya. Sauron bakin teku ba ya hutun rani, a tafi da sange, kuma duk zazzaɓin da ya taso a can ko bayan dawowa a je a yi gwaji. Ruwan sha a sayi na leda ko na gora. Ruwan daɗi mai kwanciya, irin na tafkin Bolta, yana ɗauke da cutar tsargiya, wankan cikinsa ba dole ba ne.

Addini, ladabi da tarihi

Musulunci ya sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta, sai in mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. A gaɓar Benin da Togo teku na kudu, saboda haka mai fuskantar alƙibla zai bar ruwa a hannun damansa ya ɗan karkata arewa. Kifi ya raba gardamar abinci, nama kuwa a neme shi wurin mahautan zango. Wuraren shaƙatawa na birni suna da giya da kiɗa a ƙarshen mako, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙauyen masunta ya fi dacewa da mai iyali.

Mutanen gaɓa suna da abubuwan da suke girmamawa: kurmin da ba a shiga, itacen da aka ɗaura wa ƙyalle, ranar da ba a taɓa ruwa. Ba a nemi baƙo ya yi imani da su ba, an nemi ya kama bakinsa da ƙafarsa. Kada a ɗauki hoton mutum ko wurin bauta sai da izini, kada a taka komar masunta, kada a bar leda a yashin da aka tarar da shi tsaf.

Wannan gaɓa kuma tana riƙe da wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika karantar da shi ba. A Wida akwai hanyar da ake kora bayi daga cikin gari zuwa bakin ruwa, a ƙarshenta an gina ƙofar tunawa a 1995. A Badagiri ma akwai irinta. A Gana ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, tana tsaye da ɗakunanta na ƙarƙashi, haka ƙananan ganuwoyi a Dikskob da Butre. Cikin waɗanda aka loda a jiragen bayi daga wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen lokacin suka jefa hannun masu cinikin mutane. An kai su Bahiya a ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, kuma bayi Musulmi suka sake tayar da wani babba a 1835. Bahaushen da ya tsaya a ƙofar Wida yana tsaye ne a inda ƴan'uwansa suka yi wa ƙasar nan kallon ƙarshe. Kuɗin shiga waɗannan wurare kada a yi ƙyashinsa.

Abin da ya rage gare mu

Wanda ƙarfinsa bai kai teku ba bana, ya fara da kusa. Hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata a Kano, duk tsallaken iyaka ne na kwana biyu ko uku, kuma a nan ake koyon riƙe takarda da canjin kuɗi da zama da abokan tafiya. Bakin Kwara a Gaya ma ya isa a je dominsa.

Mun daɗe muna ɗaukar tafiya a matsayin abin da talauci ko ciniki ko aikin hajji kaɗai ke sawa. Fita don a ga ƙasar Allah, a san yadda wasu ke noma da su da gina gari, ita ma buƙata ce, kuma mai gona ya cancance ta kamar yadda mai ofis ya cancanta. Ƙungiyoyin samari da na malaman makaranta da na mata masu adashe a Gangara da kewaye suna da duk abin da ake nema don shirya ta: amana, lissafi, da dangi a zango. Nauyin da ke kan waɗanda suka fara zuwa shi ne su dawo da labari na gaskiya, nawa suka biya a kowace tasha, wace takarda aka tambaya, ina ruwa ke ja, wane masauki ne mai mutunci, su rubuta su ajiye wa na baya. Da irin wannan bayani ne tafiyar za ta riƙa sauƙi shekara bayan shekara, har ta zama abin da kowane gida zai iya sawa cikin lissafin kakarsa.